‘Sharrin Shaiɗan ne’: Ina iyakar ikon Iblis a koyarwar Kiristocin kudancin Kano?

Kusan duk lokacin da ’yan sanda suka yi holin waɗanda ake zargi da laifi a hedikwatarsu da ke Bompai a Kano, akwai kalmar da ba a rasa ji. Ɓarawon shanu ne, ko mai fyaɗe, ko wanda ya daɓa wa abokinsa wuƙa a kan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba, da zarar an tambaye shi dalili sai ya sunkuyar da kai ya ce sharrin Shaiɗan ne.

Kalmar ba ta zaɓi addini ba. Musulmi na faɗinta, Kirista ma na faɗinta. Ana jin ta a majami’un ƙauyukan da ke warwatse a ƙananan hukumomin Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, a hagu da daman titin da ya bi ta Ƙafin Maiyaki ya ratsa dajin Falgore zuwa Saminaka da Jos. Akan faɗe ta idan aure ya mutu, ko yaro ya lalace, ko annoba ta faɗa wa garke.

Sai dai a ƙarƙashin kalmar akwai tambayar da ta daɗe tana hana malaman tauhidin Kirista barci. Idan Allah mai iko duka ne, kuma nagari ne, daga ina mugunta ta fito? Idan Shaiɗan ne ke kawo ta, wa ya ba shi ikon, kuma a ina ikon ya tsaya?

Amsar da manyan ɗarikun Kirista suka haɗu a kai ita ce Shaiɗan gaskiya ne, yana kuma da ƙarfi, amma halitta ne mai iyaka, ba kishiyar Allah ba. Wannan amsa tana da nauyi a aikace, domin tana nufin babu mai laifin da zai fake da sunansa ya kuɓuta.

Mutanen da suka fito daga duniyar iskoki

Mafi yawan Kiristocin ƙauyukan kudancin Kano Hausawa ne gaba da baya. Kakanninsu su ne Maguzawa, manoman da suka riƙe addinin gargajiya shekaru aru-aru a tsakiyar ƙasar Musulmi.

Masanin nan Ba’amurke, Joseph Greenberg, ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya kuma wallafa bincikensa a 1946. Ya tarar sun yarda akwai Allah wanda ya yi sama da ƙasa, amma harkarsu ta yau da kullum da iskoki take. Akwai na gida, akwai na daji, akwai farare, akwai baƙaƙe. Iska ɗaya na iya sa cuta ta kuma warkar da ita, gwargwadon yadda aka kyautata mata ko aka ɓata mata. Shi ya sa ake yanka kaza ko akuya mai launin da take so, a zuba jinin a gindin tsafi.

A wannan fahimta babu wani shugaban mugunta guda ɗaya da ke yaƙi da Allah. Masifa alama ce ta cewa an saɓa wa wani, mafita kuma ita ce a gano wanda aka saɓa wa, a lallashe shi.

Bishara ta daɗe kafin ta isa waɗannan ƙauyuka. A 1900 tawagar Bishop Herbert Tugwell ta ƙungiyar CMS, wadda Dakta Walter Miller ke cikinta, ta isa Kano, amma Sarki Alu ya umarce su su bar garin. Bayan Turawa sun ci ƙasar, su ma sun daɗe suna taka wa ’yan mishan birki a masarautun Musulmi. Sai a shekarun 1930 ƙofa ta ɗan buɗe ta hanyar aikin jinya, lokacin da ƙungiyar SIM ta karɓi kula da kutare a Yadakunya. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, a 1954 kuma majami’un da SIM ta kafa suka zama ikkilisiyar ECWA.

Wanda ya tuba daga maguzanci ba a ce masa iskoki ƙarya ba ne. An ce masa suna nan, amma suna ƙarƙashin Iblis, kuma an riga an ci nasara a kansu. Da yawa sun ƙona layu da kayan tsafi a gaban jama’a, irin yadda Ayyukan Manzanni sura 19 ta ba da labarin masu sihirin Afisa da suka ƙona littattafansu. A ɗarikun Katolika da Angilikan, har yau mai karɓar baftisma yana furta cewa ya rabu da Shaiɗan da ayyukansa.

To amma bayan an ƙona layun, yara ba su daina mutuwa ba, fari bai daina zuwa ba. A nan ne tambayar ta sauya kama. Da ana tambayar wace iska aka ɓata wa. Yanzu ana tambayar me ya sa Allah ya ƙyale.

Tambayar da ta girmi kowa

An daɗe ana jingina wa wani masanin falsafa mai suna Epikurus, wanda ya rayu ƙarni uku kafin haihuwar Almasihu, wata hujja mai kaifi. Ko dai Allah yana so ya kawar da mugunta amma ba zai iya ba, ko zai iya amma ba ya so. Idan na farko ne, ƙarfinsa bai cika ba. Idan na biyu ne, alherinsa bai cika ba. Idan kuwa yana so kuma yana iyawa, me mugunta take yi a duniya?

Kiristocin ƙasar Hausa ba a littafi suka fara gamuwa da wannan tambaya ba. A tsakiyar ƙarni na 19 aka kashe wani malami a Kano mai suna Malam Ibrahim saboda koyarwarsa game da matsayin Annabi Isa. Almajiransa, waɗanda ake kira Isawa, suka watse zuwa wajejen Ningi. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka nemi Dakta Miller a Zariya, suka karɓi Kiristanci, aka kafa musu ƙauye a Gimi da ke ƙasar Zazzau, ba nisa da iyakar Kano. Cikin ’yan shekaru cutar barci, wadda ƙudan tsando ke yaɗawa, ta faɗa wa ƙauyen ta kashe jama’a da dama, har sauran suka tashi. Mutane ne da suka bar komai saboda abin da suka gaskata, aka kuma binne ’ya’yansu ɗaya bayan ɗaya.

A ƙarshen watan Satumban 2007, cikin azumin Ramadan, rikici ya ɓarke a garin Tudun Wada bayan an zargi wasu ɗalibai Kiristoci na wata makarantar sakandare da yin zanen ɓatanci ga Annabi Muhammad (SAW), zargin da Kiristocin garin suka musanta. Rahotannin ƙungiyoyin Kirista da na kare haƙƙin addini sun ce an kashe aƙalla mutum tara, an ƙona majami’u da gidaje da shaguna.

Sannan ga dajin Falgore, wanda ya shafe shekaru yana zama maɓoyar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, waɗanda ba sa tambayar addinin wanda suka tare.

Masifu uku ne masu fuska daban-daban: ta ƙwayar cuta, ta fushin taro, da ta kwaɗayin dukiya. Duk wanda zai tsaya kan bagade ranar Lahadi a wannan yanki dole ya samu abin faɗa a kan kowacce.

Ayuba da Shaiɗan mai neman izini

Littafin da fastoci suka fi buɗewa a irin wannan hali shi ne na Ayuba, kuma labarinsa ba baƙo ba ne ga makiyayi ko manomi. Mutum ne mai tumaki 7,000 da raƙuma 3,000 da shanun noma bijimai biyu-biyu har 500 da jakuna 500, ga ’ya’ya maza bakwai da mata uku. A yini guda mahara Sabiyawa suka kore shanu da jakuna suka kashe barori, wuta ta cinye tumaki, Kaldiyawa suka kwashe raƙuma, iska ta rushe gida a kan ’ya’yansa goma. Wanda aka taɓa kore wa garke a bakin Falgore ya san irin saƙon da ya riƙa iso wa Ayuba.

Abin da malaman tauhidi ke jan hankali a kai shi ne abin da ya gabaci wannan yini. A sura ta 1 da ta 2, Shaiɗan ya bayyana a gaban Allah a matsayin mai kai ƙara, wanda shi ne ma’anar sunan a harshen Ibrananci. Ya yi zargin cewa Ayuba na tsoron Allah ne don abin da yake samu. Bai iya taɓa ko da ɗan akuya ba sai da aka ba shi izini, izinin kuma da iyaka. Karo na farko an ce dukiya kaɗai, kada ya taɓa jikin mutumin. Karo na biyu an ba shi jiki, aka hana shi rai.

Haka hoton yake a Sabon Alkawari. A Luka sura 22, Yesu ya shaida wa Bitrus cewa Shaiɗan ya nemi a ba shi almajiran ya sheƙe su kamar alkama. Neman izini ya yi, ba ƙwace ba. Wasiƙar farko zuwa ga Korintiyawa sura 10 ta ce Allah ba ya barin a jarrabi mai bi fiye da ƙarfinsa.

Wannan ba ya nufin Littafi Mai Tsarki ya raina Iblis. Bisharar Yahaya ta kira shi mai mulkin wannan duniya da kuma uban ƙarya. Wasiƙar Bitrus ta farko ta kwatanta shi da zaki mai ruri da ke neman wanda zai cinye. Abin da aka hana shi shi ne siffofin Allah. Ba ya halitta, bai san komai da komai ba, ba ya ko’ina a lokaci guda.

Akwai wani abin lura a littafin Ayuba. Surori 42 ne, amma daga sura ta 2 ba a sake ambaton Shaiɗan ba. Ayuba da Allah yake jayayya har ƙarshe. Abokansa uku, Elifaz da Bildad da Zofar, sun dage cewa lallai akwai zunubin da ya ɓoye, domin a ganinsu ba a shan wahala a banza. A sura ta ƙarshe Allah ya yi fushi da su, ya ce ba su faɗi gaskiya game da shi ba.

Amsar da ta fito daga Afirka

Mutumin da ya fi kowa tasiri a kan wannan batu a tarihin ikkilisiya ɗan Afirka ne. An haifi Agustin a shekara ta 354 a garin Tagaste, wanda yanzu ake kira Suk Ahras a Aljeriya, ya kuma rasu a 430 yana bishop na Hippo, wato Annaba ta yau.

Yana saurayi ya shafe kimanin shekara tara a addinin Manikiya, wanda ke koyar da cewa akwai iko biyu tun azal, na haske da na duhu, suna gwabzawa. Koyarwar tana da daɗin ji, domin ta wanke Allah daga laifi, ta kuma wanke mutum. Idan ya yi zunubi, sai ya ce ba shi ba ne, duhun da ke cikinsa ne.

Da ya bar su, sai ya kafa hujjar da ta zama ginshiƙi. Duk abin da Allah ya halitta mai kyau ne. Mugunta ba wata aba ce mai zaman kanta da aka ƙera ba, lalacewar abu mai kyau ce. Tsatsa ba ta da wurin zama sai a jikin garma, hujin asu ba ya samuwa sai da zane. Ƙarya tana rayuwa ne a kan amanar da ke tsakanin mutane, sata kuma a kan guminsu. Tushen lalacewar, a wurin Agustin, shi ne nufin halitta mai ’yanci da ta juya wa Mahaliccinta baya.

A 1215 babban taron ikkilisiya na huɗu da aka yi a Lateran da ke birnin Rum ya tabbatar da haka game da Iblis kansa. Taron ya ce Allah ya halicce shi da sauran aljannu da kyakkyawar ɗabi’a, su ne suka mayar da kansu miyagu. Littafin koyarwar Katolika na 1992 ya maimaita cewa ikon Shaiɗan ba marar iyaka ba ne, ya kuma amince cewa dalilin da ya sa Allah ya ƙyale shi yana aiki babban asiri ne.

Masu suka ba su yi shiru ba. A 1955 masanin falsafa J. L. Mackie ya tambaya me ya hana mai iko duka ya halicci mutane masu ’yanci waɗanda kullum alheri za su zaɓa. Alvin Plantinga ya mayar da martani a 1974 cewa ’yancin da aka riga aka ƙayyade sakamakonsa ba ’yanci ba ne. Su kansu Kiristoci ba su daidaita ba. Mabiya koyarwar John Calvin sun fi jaddada cewa babu abin da ke faruwa a wajen ƙudurin Allah, wasu kuma sun fi ba zaɓin ɗan’adam nauyi. Amma duka ɓangarorin sun yarda ba Allah ne mai aikata zunubin ba, kuma Shaiɗan ba tsaransa ba ne.

Uzurin da bai karɓu ba tun a gonar Aidan

Idan haka ne, ina matsayin mai cewa sharrin Shaiɗan ne? A labarin Littafi Mai Tsarki, wannan shi ne uzuri mafi tsufa a duniya. A Farawa sura 3, da aka tambayi Adamu sai ya nuna matarsa, da aka tambayi Hawwa’u sai ta nuna maciji. Ba a ƙaryata cewa macijin ya yi ruɗi ba, har an la’ance shi. Amma su biyun ma ba su tsira daga hukunci ba.

Wasiƙar Yakubu sura 1 ta ce kada wanda aka jarraba ya ɗora wa Allah, domin sha’awar mutum ce ke jan sa, ita ke ɗaukar ciki ta haifi zunubi. A Markus sura 7, Yesu ya lissafa kisa da sata da zina da hassada, ya ce daga zuciyar mutum suke fitowa. Wasiƙar Afisawa ta gargaɗi masu bi kada su kwana da fushi su ba Iblis ƙofa. Bahaushe ya riga ya faɗi irin wannan da ya ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A kan wannan gaɓa Kiristan yankin da maƙwabcinsa Musulmi ba su da nisa da juna. A Suratu Ibrahim aya ta 22, Alƙur’ani ya ba da labarin yadda Shaiɗan zai barranta daga mabiyansa ranar hisabi, ya shaida musu cewa ba shi da wani iko a kansu face ya kira sun amsa, don haka su zargi kansu.

Shi ya sa a majami’u irin na ECWA, wanda aka kama da zina ko cin kuɗin baiko ba a sallamarsa don ya ambaci Iblis. Dattawan ikkilisiya kan sa shi ƙarƙashin horo, a dakatar da shi daga cin Jibin Ubangiji da riƙe muƙami har sai ya nuna tuba. Haka kuma batun yake ga manyan laifuka. Mai bi zai iya yarda cewa akwai hannun Iblis a jita-jitar da ke tayar da gari, amma mutum ne ya ɗauko fetur, mutum ne ya ƙyasta ashana, kuma mutum ake gurfanarwa a kotu. Yafewa da ake wa’azi a kai ba ta soke neman adalci ba.

To cuta da fari fa?

Hujjar ’yancin zaɓi na iya bayyana ɗan fashi, amma ba ta bayyana ƙudan tsandon Gimi ba. Wannan shi ne ɓangaren da ya fi wuya. Ranar 1 ga Nuwamban 1755 girgizar ƙasa ta rushe birnin Lisbon na Fotugal da safiyar idin tunawa da tsarkaka, lokacin da majami’u ke cike da masu sujada. Dubban mutane suka mutu. Abin ya girgiza masanan Turai da suka karɓi ra’ayin Leibniz na 1710 cewa wannan duniya ita ce mafi kyawun wadda za a iya halitta.

Amsoshin da ake bayarwa sun bambanta. Wasu na cewa faɗuwar ɗan’adam ta shafi halitta duka, suna dogaro da Romawa sura 8. Wasu, irin su John Hick a littafinsa na 1966, sun bi sawun Ireniyus na ƙarni na biyu, suna cewa duniya wurin gina hali ce, kuma babu haƙuri ko jarumta ko tausayi inda babu wahala. Amma ko masu wannan ra’ayi sun san yana da wuyar faɗa a gaban uwar da ta binne jariri.

Abin da Yesu ya yi a fili shi ne ya ƙi haɗa kowace masifa da laifin wanda ta faɗa wa. A Luka sura 13 ya ambaci mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo wa, ya ce ba su fi sauran mazauna Urushalima laifi ba. A Yahaya sura 9 almajiransa suka ga wanda aka haifa makaho, suka tambaya ko zunubinsa ne ko na iyayensa. Ya ce ba ko ɗaya, sannan ya buɗe masa ido. Wannan fahimta ce ta sa ’yan mishan suka ɗauki jinya a matsayin ibada, kuma asibitin ido na ECWA da aka buɗe a Kano a 1943 yana aiki har yau, Musulmi da Kirista na bin layi ɗaya.

Harshen Hausa kansa na ɗauke da misali. Ana kiran cutar foliyo shan-inna ne saboda imanin cewa iskar da ake kira Inna ce ke shanye ƙafar yaro. Shekara da shekaru ana yanka da turare, yara na ci gaba da gurguncewa. Ɗigon rigakafi ne ya kawo ƙarshenta. Yaro na ƙarshe da aka samu da ainihin ƙwayar cutar a Jihar Kano an same shi ne a watan Yulin 2014 a ƙaramar hukumar Sumaila, maƙwabciyar Tudun Wada, kuma a watan Agustan 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Afirka ta rabu da ita.

Haɗarin ganin aljani a ko’ina

Tun daga shekarun 1980 wani salon wa’azi ya bazu a Najeriya, wanda ke ɗora kusan kowace matsala a kan aljannu da mayu da la’anar kakanni. Rashin aure, rashin haihuwa, faɗuwa jarrabawa, karyewar jari, duk akan ce akwai mai hannu a ɓoye. Majami’u irin su Mountain of Fire and Miracles, wadda aka kafa a Legas a 1989, sun yi suna da addu’o’in yaƙi da maƙiyan ɓoye. Ta hanyar talabijin da wayar salula, salon ya isa ƙauyukan da ba su da reshen irin waɗannan majami’u.

Ga jikan Bamaguje, wannan wa’azi na da saurin shiga, domin ya yi kama da duniyar da kakansa ya sani. Malaman tsofaffin ɗariku na ganin haɗarinsa ke nan. Mutumin da aka ce an ’yantar da shi daga tsoron iskoki sai ya koma cikin tsoron, sunaye kawai aka sauya.

Marigayi Dakta Byang Kato, ɗan Kwoi a kudancin Kaduna, wanda ya zama babban sakataren ECWA a 1967, ya yi rubutu a kan haka. Shi kansa an keɓe shi tun yana jariri domin hidimar tsafi kafin ya zama Kirista. Bai musanta samuwar ruhohi ba, amma ya dage cewa halittu ne, kuma wanda ke cikin Almasihu ba shi da dalilin jin tsoronsu ko neman sulhu da su. Kato ya rasu a teku a kusa da Mombasa ta Kenya a watan Disamban 1975 yana da shekara 39, a daidai lokacin da ikkilisiyoyin Afirka suka fi sa rai da shi.

Idan aka kambama ikon Iblis, abin da ke biyo baya shi ne neman wakilinsa a cikin gari, kuma galibi marar gata ake nunawa. A Akwa Ibom an azabtar da yara da dama da sunan maita, har jihar ta yi doka a 2008 da ta haramta laƙaba wa yaro wannan suna. Matsalar ba ta Kiristoci kaɗai ba ce. A watan Fabrairun 2025 wata babbar kotu a Kano ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa ta hanyar rataya saboda kashe wata tsohuwa mai shekara 67 a ƙaramar hukumar Wudil, bayan an zarge ta da maita.

Abin da ya rage ba a warware ba

Tauhidin Kirista bai yi iƙirarin ya rufe wannan babi ba. Ko Ayuba, da Allah ya yi masa magana daga cikin guguwa, ba a gaya masa dalilin wahalarsa ba. An nuna masa girman halitta da ƙarancin saninsa, shi ke nan.

Inda Kiristoci ke kai maganar a ƙarshe shi ne gicciye. A imaninsu, Allah bai tsaya daga nesa yana kallo ba, ya shiga cikin wahalar ta wurin Yesu, wanda aka ci amanarsa, aka yi masa shari’ar zalunci, taro ya nemi jininsa. Bisharar Luka ta ce Shaiɗan ya shiga Yahuza kafin ya bashe shi, amma ba ta wanke Yahuza ba. Wasiƙar Kolosiyawa sura 2 ta ce a nan ne aka tuɓe wa ikokin duhu makamansu, Wahayin Yahaya sura 20 kuma ta ce hukuncin ƙarshe na jiran Iblis. Musulmi ba su yarda an gicciye Annabi Isa ba, kuma a nan ne hanyoyin addinan biyu suka rabu.

Zuriyar waɗanda suka tsira daga Gimi ba su ɓace ba. Sun koma Zariya, daga baya Wusasa, inda aka gina makaranta da asibiti. Daga cikin jikokin Isawa aka samu Farfesa Ishaya Audu, likitan yara, wanda ya zama ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami’ar Ahmadu Bello a 1966. Masu wa’azi kan haɗa irin wannan da labarin Yusufu a Farawa sura 50, inda ya shaida wa ’yan’uwansa cewa sun nufe shi da sharri amma Allah ya juya abin ya zama ceton rayuka. Sukan kuma tuna wa jama’a cewa Yusufu bai ce abin da ’yan’uwan suka yi daidai ne ba.

A ƙauyukan da ke tsakanin Ƙafin Maiyaki da Riruwai, amfanin wannan koyarwa ya fi bayyana a ƙananan hukunce-hukuncen yau da kullum. Idan yaro ya fara suma da zazzaɓi, za a yi addu’a a kuma ɗora shi a babur zuwa asibiti, ko za a tsaya neman wanda ya kama kurwarsa? Idan ma’aji ya cinye kuɗin zumuntar mata ya ce Iblis ne, za a karɓi tubansa a kuma ce ya biya? Idan jita-jita ta taso ranar kasuwa, wa zai tsaya ya bincika kafin a ɗauki sanda? Waɗannan su ne tambayoyin da ke zuwa gaban fastoci da dattawa, kuma irinsu ne ke zuwa gaban limamai da masu unguwanni a garuruwan da suke zaune tare.